Cat Stevens ko Yusuf: Ta Wace Ƙofa Za Ka Shiga Waƙoƙinsa?

Mutum ɗaya ne, amma masoyansa sun kasu gida uku, kuma yawancin 'yan kowane gida ba su taɓa leƙa na maƙwabcinsu ba. Akwai mutanen Turai da Amurka da suka tashi da faifan Cat Stevens a farkon shekarun 1970, waɗanda har gobe da zarar an kaɗa jitar farkon "Father and Son" sai ka ga idonsu ya kawo ruwa. Akwai mu da sauran Musulmin duniya, da muka fara jin labarinsa da sunan Yusuf Islam, mawaƙin Ingilan nan da ya musulunta ya jingine kiɗa yana tsakiyar tashe, mai "A Is for Allah" da ake koya wa yara. Sai kuma waɗanda suka tsince shi bayan 2006, dattijo mai furfura a gemu, ya sake rataya jita yana zaga duniya. Wanda ya rubuta sunansa a YouTube ko Spotify yau, kundaye sama da 20 ne za su zubo masa a ƙarƙashin sunaye daban-daban, ya rasa ta inda zai kama.

Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: in dai kana sauraron waƙa mai kiɗa, ka fara da Tea for the Tillerman na 1970. Sai dai ba kowa wannan shawarar za ta yi wa daidai ba, kuma akwai kundaye biyu ko uku masu hujjar ja da ita, don haka sai an baje su a faifai.

An haife shi a Landan ranar 21 ga Yuli 1948, ainihin sunansa Steven Demetre Georgiou. Mahaifinsa Bagirke ne daga tsibirin Saifurus, mahaifiyarsa 'yar Suwidin, suna da gidan abinci a titin Shaftesbury, a tsakiyar unguwar gidajen wasan kwaikwayo. Yana ɗan shekara 18 ya yi suna da "Matthew and Son", wadda ta kai matsayi na 2 a jerin waƙoƙin Birtaniya a farkon 1967. Kundayensa biyu na wannan shekarar, Matthew and Son da New Masters, an cika su da ƙahonni da tarin goge irin na yayin lokacin. Ba nan ne wurin farawa ba, ko da yake a cikin na biyun "The First Cut Is the Deepest" take, wadda daga baya Rod Stewart da Sheryl Crow suka ci kasuwa da ita. Ciwo ne ya juya masa akala. Tarin fuka ya kwantar da shi watanni a wani asibiti a garin Midhurst na Ingila, ya kuma daɗe yana jinya a gida bayan an sallame shi. A wannan zaman ne ya shiga karance-karancen addinai, ya tara waƙoƙi masu yawa, ya fito da ƙudurin ba za a ƙara binne masa murya a ƙarƙashin kayan kiɗa ba. Ya koma kamfanin faifai na Island, aka haɗa shi da furodusa Paul Samwell-Smith, tsohon ɗan ƙungiyar Yardbirds, da makaɗin jita Alun Davies. Ka riƙe sunayen mutanen nan biyu, domin su ne ma'auni mafi sauƙi wajen zaɓe: kundin da ka gan su a ciki tare, akasari a nan za ka ji sautin da masoya ke nufi idan suka ce Cat Stevens.

Cikin wata 18 mutanen nan uku suka fitar da kundi uku: Mona Bone Jakon a Afrilun 1970, Tea for the Tillerman a Nuwamban wannan shekara, sai Teaser and the Firecat a Oktoban 1971. Na farkon yana da daɗi, akwai "Lady D'Arbanville" da "Trouble" a ciki, amma ana jin cewa mai shi bai gama murmurewa ba, yana gwada ƙafa ne. Gardamar gaske tsakanin na biyu da na uku take, kuma masoya sun fi shekara 50 suna yin ta.

Teaser and the Firecat ya fi saurin kama mutum. Waƙa 10 ce, kuma uku daga ciki ko wanda bai san mawaƙin ba mai yiwuwa ya taɓa jin su a wani fim ko a rediyo: "Peace Train" mai tafi da 'yan amshi, "Moonshadow", da "Morning Has Broken". Kundi ne mai haske. Gangar ta fi fitowa, akwai "Rubylove" inda ya saka buzuki, wato molon Girkawa, ya kuma rera baiti ɗaya da harshen mahaifinsa. "Moonshadow" ta fi yadda take a kunne nauyi. Raujinta irin na waƙar yara ne, amma abin da take lissafawa shi ne rasa hannu, rasa ido, rasa ƙafa, kuma a kowanne sai mawaƙin ya nemo wata wahala da rashin ya sauke masa. Wanda ya san zancen haƙuri da yarda da ƙaddara ba zai buƙaci a yi masa dogon bayani ba. Abu ɗaya da ya kamata mai karatu ya sani tun farko: "Morning Has Broken" ba shi ya rubuta ta ba. Waƙar coci ce da Eleanor Farjeon ta rubuta, aka buga a 1931, an ɗora ta a kan wani tsohon rauji na mutanen Sikotilan, kuma yabon wayewar gari da halitta take yi. Fiyanon da ke buɗe ta, wanda shi ne rabin kyanta, Rick Wakeman ne ya kaɗa.

To me ya sa ban ce a fara da shi ba? Domin Teaser tarin kyawawan waƙoƙi ne da kowace ke zaman kanta, za ka iya ɗaukar uku ka bar bakwai ba ka yi asarar komai ba. Tillerman kuwa tafiya ce guda, kuma ita ce tafiyar da ta kai mutumin inda ya je.

Waƙa 11 ce, duka ba su kai minti 40 ba. Kayan kiɗan kaɗan ne: jita biyu na katako, fiyano, bas, ganga da ake taɓawa a hankali, sai goge nan da can wanda Del Newman ya tsara. Sa abin sauraro a kunnuwanka biyu ka bi jitar nan biyu. Ta Cat Stevens tana dukan ƙasa da ƙarfi, ta Alun Davies tana cike gurbin da ta bari, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, taɓarya ba ta taɓa karo da 'yar'uwarta. An kuma naɗi sautin kurkusa, har kana jin gogar yatsa a kan tsirkiya da jan numfashi kafin baiti.

Kundin ya buɗe da "Where Do the Children Play?", inda ya yarda an ƙera manyan jirage, an shimfiɗa tituna, an ɗaga gine-gine har sama, sannan ya tambaya ina yara za su yi wasa. A 1970 aka yi tambayar, amma duk wanda ya ga filin ƙwallon unguwarsu ya koma shaguna ya san ba ta tsufa ba. Daga nan tambayoyin suke ƙara shiga ciki. "But I Might Die Tonight" ba ta kai minti biyu ba, saurayi ne ake ce masa ya yi aiki tuƙuru wata rana zai samu matsayi irin na manya, shi kuma yana cewa yana iya mutuwa a daren nan. "Miles from Nowhere" tana farawa a sanyaye sannan fiyano da ganga su ɓarke, mawaƙin yana kiran Ubangiji, yana cewa jikin nan ya yi masa abota amma ba zai buƙace shi ba idan ya kai ƙarshen hanya. "On the Road to Find Out" labarin wanda ya bar gida neman gaskiya ne, kuma a ƙarshenta ana cewa a kori shaiɗan a ɗauki littafi na gari. Ɗan shekara 22 ne ya rera wannan, shekara bakwai kafin ya yi kalmar shahada, tun kafin Alƙur'ani ya shigo hannunsa. Shi ya sa nake ganin Musulmin da ya san Yusuf Islam kaɗai ya fi kowa cin ribar wannan kundi. Amsar muka sani, tambayar ce ba mu ji ba, kuma a nan take, cikin muryar wanda bai san inda za ta kai shi ba.

Sai "Father and Son", wadda ita ce ke sa mutane su kasa rabuwa da kundin. Asalinta ya rubuta ta ne don wani wasan kwaikwayo na waƙa da aka shirya a kan juyin juya halin Rasha, inda ɗa ke son shiga gwagwarmaya uban kuma yana son ya zauna a gona. Wasan bai tabbata ba, waƙar ta tsira. Shi kaɗai ya rera ɓangarorin biyu. Idan uba ke magana sai ya saukar da murya ƙasa, a natse, yana ba da shawara: a kwantar da hankali, a yi aure, a zauna. Idan ɗa ya karɓa sai muryar ta haura sama ta yi tsami, kamar za ta tsage. Wajen ƙarshe Alun Davies yana shigowa ta bayan fage da ɗan amshi, ta yadda yayin da ɗaya ke magana kana jin ɗayan can ƙasa yana nasa zancen, babu mai sauraron wani. Abin da ya sa take daɗewa shi ne ba ta yanke wa kowa hukunci ba. Matashi ya ji ta ya ce shi ake zalunta. Shekara 20 bayan nan ya sake ji, ya ga uban ma gaskiya yake faɗa.

A nan ne zaɓi na biyu yake shigowa, kuma shi ne ya fi rikita sabon mai sauraro, domin kundin nan iri biyu ne a kasuwa. A Satumban 2020, da ya cika shekara 50, Yusuf ya fitar da Tea for the Tillerman², waƙoƙin nan 11 a jere ɗaya, an sake naɗarsu a wani situdiyo a kudancin Faransa, tare da Samwell-Smith da Alun Davies. Ɗansa ne ya kawo shawarar. Hatta zanen bangon, wanda tun asali shi ya zana da hannunsa, an sake shi: mutumin da ke shan shayi a cikin zanen yanzu rigar 'yan sama jannati ce a jikinsa. Idan ba ka kula da ƙaramar lambar 2 ɗin nan ba, sai ka buɗe sabon kana zaton tsohon ne.

Bambancinsu ba na inganci kaɗai ba ne. Wasu waƙoƙin, irin su "Where Do the Children Play?" da "Sad Lisa", bai yi nisa da su daga asali ba, sai dai muryar ta yi kauri ta sauko. Wasu kuwa ya kwance su ya sake ɗinki. "Wild World", wadda a 1970 take tafiya da fiyano mai gangarowa da amshin da kowa ke iya bi, ya mai da ita mai jan ƙafa, irin kiɗan tsofaffin gidajen rawa na Turai. Masoya da dama ba su yafe masa wannan ba, kuma ina tare da su: raɗaɗin rabuwar da ke cikin ta asali ya narke a cikin ado. "Longer Boats" ta rikiɗe a tsakiya ta koma kiɗan rawa, har da baitin rap daga Brother Ali, kuma ni a kunnena ɗinkin ya fito fili. Amma "On the Road to Find Out" ta samu abin da ba ta da shi. Ya rage mata gudu, ya ɗora ta a kan jitar lantarki mai nauyi, ta zama tafiyar wanda ƙafarsa ta san tsawon hanya. Ta 1970 zumuɗi ne, ta 2020 gajiya ce da natsuwa, kuma duka biyun gaskiya ne.

Dalili mafi girma na sauraron sabon kundin shi ne abin da aka yi wa "Father and Son". An ɗauko muryarsa daga wani wasa da ya yi a gidan Troubadour na Los Angeles a 1970, aka bar ta ta rera ɓangaren ɗa, shi kuma da muryarsa ta wanda ya haura 70 ya rera na uba. A tsohuwar, saurayi ne ke kwaikwayon dattijo, kuma ya iya. A sabuwar babu kwaikwayo. Tsoho ne na gaske ke roƙon yaro ya zauna, yaron kuma shi ne da kansa, kuma mu masu sauraro mun san bai zauna ba, mun san duk inda ya bi. Sai dai wannan nauyin ba ya sauka a kan wanda bai san ta farkon ba. Don haka jerin a bayyane yake: na 1970 tukuna, ka zauna da shi har ka iya shi, sannan na 2020. Wanda ya juya jerin ya rage wa kansa daɗin duka biyun.

Akwai kuma mai karatun da duk wannan bai shafe shi ba, domin ba ya sauraron jita da fiyano bisa fahimtarsa ta addini. Shi ma yana da ƙofarsa, kuma mawaƙin da kansa ya zauna a wannan matsayi sama da shekara 20. A tsakiyar shekarun 1970 igiyar ruwa ta kusa tafiya da shi a gaɓar tekun Malibu ta Amurka, ya roƙi Allah ya cece shi da alkawarin zai yi masa aiki. Bayan haka yayansa David ya kawo masa fassarar Alƙur'ani tsaraba daga Ƙudus. Ya musulunta a Disamban 1977, ya ɗauki sunan Yusuf Islam a 1978, a shekarar ya sauke nauyin kwantiraginsa da kundin Back to Earth, daga baya ya yi gwanjon kayan kiɗansa aka ba da kuɗin sadaka. Ya kafa makarantar firamare ta Islamia a Landan a 1983, wadda a 1998 ta shiga sahun makarantun Musulmi na farko da gwamnatin Birtaniya ta fara ɗaukar nauyinsu.

Da ya koma situdiyo a 1995, murya da ganga kawai ya yi amfani da su. The Life of the Last Prophet ba kundin waƙa ba ne kai tsaye, karatun tarihin Manzon Allah (SAW) ne da Turanci, da "Tala'al Badru Alayna" a haɗe. A Is for Allah na 2000 yana bin haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi da darasinsa, ana sirka bayani da waƙa, kuma waƙar da kundin ya ci sunanta tun 1980 ya tsara ta don 'yarsa ta fari, Hasanah. Zain Bhikha na Afirka ta Kudu ya rera wani ɓangare na waƙoƙin. Idan don yara ne, I Look I See na 2003 ya fi sauƙin bi, domin waƙoƙin gajeru ne kuma bayanin bai yi yawa ba. Idan kuma don doguwar tafiya a mota ne ko gyaran Turanci, na 1995 ya fi, saboda lafazinsa a fili yake kuma ba ya gaggawa. A kula da wani abu: ba duk nashidar da ke yawo a wayoyi da sunansa ba ce tasa, kuma Sami Yusuf mai "Al-Mu'allim" mutum ne daban, an haife shi a 1980. Gaskiyar magana, a matsayin sana'ar waƙa, wannan zangon bai kai na 1970 ba. Ba don wannan aka yi shi ba, koyarwa ce manufarsa, kuma ya cim mata.

Dawowarsa ga jita a hankali ta zo. Yaƙin Bosniya ya nuna masa yadda waƙa ke riƙe mutane a cikin tsanani, har ya haɗa kundin I Have No Cannons That Roar a 1998 don tunawa da ministan harkokin wajen ƙasar, Irfan Ljubijankić, wanda aka harbo jirginsa a 1995. Daga baya ɗansa ya shigo da jita gida, uban ya ɗauka, yatsunsa suka tuna. Ya yi bayanin hujjojinsa a ɗan littafinsa na 2014, Why I Still Carry a Guitar. Wasu Musulmi sun gamsu, wasu sun ji takaici, malamai kuma da ma sun daɗe da saɓani a kan mas'alar. Kowa ya bi abin da ya natsu da shi.

Cikin kundayen dawowar, An Other Cup na 2006 ya fi shahara domin shi ne na farko mai jita bayan shekara 28, amma ba shi ne ya fi kyau ba. An goge sautinsa da yawa, kuma a wurare nasiha tana rinjayar waƙa. Duk da haka akwai abu biyu da ba za a tsallake ba. Ɗaya "The Beloved", yabon Annabi tare da Youssou N'Dour na Sanagal. Ɗayan kuma yadda ya rera "Don't Let Me Be Misunderstood", tsohuwar waƙar da Nina Simone ta fara yi a 1964, wadda a bakinsa ta zama koke na gaske. A 1989 kalamansa kan rikicin littafin Salman Rushdie sun sa wasu gidajen rediyon Amurka sun daina saka waƙoƙinsa, shi kuma ya sha nanata cewa bai goyi bayan hukuncin kisan da aka yanke wa marubucin ba. A Satumban 2004 aka karkatar da jirgin da yake ciki zuwa Bangor a jihar Maine, aka hana shi shiga Amurka. Wanda ya san waɗannan zai ji dalilin da ya sa ya zaɓi waƙar.

Roadsinger na 2009 ya fi shi sauƙi da ɗumi, jita da murya ne a gaba, kuma da shi zan tura wanda ya gama Tillerman yana son jin yadda mutumin ya tsufa. Tell 'Em I'm Gone na 2014, wanda ya yi tare da Rick Rubin, daban yake da duk sauran. Rabin waƙoƙin na wasu ne, kiɗan bulus ne na baƙaƙen Amurka da ya so tun yana yaro a Landan, kuma Tinariwen, Abzinawan nan na arewacin Mali, sun sa hannu a ciki. Wanda kunnensa ya saba da jitar Agadas irin ta su Bombino zai ji ya shigo gida tun daga waƙoƙin farko, kuma ga mutumin Nijar ko na arewacin Najeriya mai son wannan salon, wannan na iya zama ƙofa mafi kusa, ko da ba ita ce babbar ba. A 2014 ɗin ne aka shigar da shi Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama fitattun mawaƙa na Amurka, Art Garfunkel ya gabatar da shi.

The Laughing Apple na 2017 shi ne wanda ma'aunin nan na sunaye biyu ya fi aiki a kansa. Samwell-Smith da Alun Davies sun dawo, kuma ya ɗauko wasu waƙoƙin New Masters na 1967, irin su "Blackness of the Night" da "Northern Wind", ya sauke musu kayan da aka jibga musu, ya rera su yadda ya so tun farko. A nan sake naɗin ya yi amfani fiye da na Tillerman², domin waɗancan waƙoƙin da ma an danne su, Tillerman kuwa ba shi da ciwon da za a yi wa magani. Shi ne kundinsa na farko da aka sa a takarar lambar yabon waƙa ta Grammy. King of a Land na 2023 yana da taushi, rabinsa kamar da jikoki yake magana, kuma ya fi dacewa da wanda ya riga ya zama masoyi.

Kundayen tsakiyar shekarun 1970 a bar su sai daga baya. Catch Bull at Four na 1972 ya kai matsayi na 1 a Amurka, muryar ta ƙara kaushi, kiɗan ya ƙara nauyi, kuma shi ne na uku da ya cancanci lokacinka bayan Tillerman da Teaser. Foreigner na 1973, wanda ya naɗa a Jamaika ba tare da abokan aikin nan biyu ba, waƙa ɗaya ce ta minti 18 ta cinye fuska guda ta faifan, sai mai haƙuri. Buddha and the Chocolate Box na 1974 yana da "Oh Very Young". Numbers na 1975 ko masoyansa na gaske ba su cika kare shi ba. Kundayen da ake tattara fitattun waƙoƙi, irin Greatest Hits na 1975, suna da amfani a mota, amma suna fizge "Father and Son" daga cikin waƙoƙin da suka share mata hanya, kuma a nan ake asara.

Wanda ya fi son ya gani da ido yana da zaɓi biyu masu kyau. Majikat, wasan da aka ɗauka a Williamsburg ta jihar Virginia a 1976 aka fitar a 2004, yana nuna shi a ƙarshen zamanin Cat Stevens, da babbar ƙungiyar makaɗa, muryar tana kan ganiyarta, amma ana iya ganin mutumin da hankalinsa ya fara barin dandalin. Wasan da ya yi a bikin waƙa na Glastonbury a Ingila a Yunin 2023 kuwa, saura wata ɗaya ya cika 75, muryar ba ta hawa inda take hawa a da, wasu wuraren taron ne ke ɗaukar masa amshi, ya kuma rera "Here Comes the Sun" don tunawa da George Harrison. Idan murya kake nema, ka ɗauki na 1976. Idan kuma so kake ka ga yadda masoyan nan na gida uku suke idan suka haɗu a fili ɗaya, da jikoki a kafaɗar kakanni, na 2023 za ka nema.